Kaurin Bango Ma Fili Yake Ci

Ka ce malaminku ya ba ku aikin zana mazaunin mutum ɗaya a cikin murabba'in mita 18, da wurin kwana da kicin da banɗaki, kana tambayata ta ina za ka fara. To kai yaro, wannan 18 ɗin ta ciki ce ko ta waje? Na san ba ka tambaye shi ba. Ku yaran yanzu da an ba ku lamba sai ku ruga wajen kwamfuta.

Ɗauki biro. In ta waje ce, a ce mita 3 sau mita 6, kuma bulo mai inci 9 za a sa, da shi da filasta ciki da waje kowane bango zai ci kusan santimita 25. Abin da ya rage maka 2.5 sau 5.5, wato 13.75. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi tun ba ka ajiye ko kujera ba, kuma bangon banɗaki na nan yana jiran nasa rabon. A babban gida ba wanda zai lura. A irin naka, santimita 5 kan hana gado shiga.

Wannan lissafin ya taɓa cin gumina, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wani mutum ne ya zo min da siririn fili, yana son jerin ƙananan ɗakuna na haya, kowanne da banɗakinsa da ɗan lungun girki. Ya kawo zanen da ɗan ƙanensa ya yi masa, yaro yana ajin ƙarshe a karatun zanen gini. Zane kam ya yi kyau, an sa launi, har da tukunyar fure a bakin taga. Amma bangon nan duk layi ɗaya ne siriri, kuma awon daga tsakiyar bango zuwa tsakiyar bango aka yi shi. Tsakanin bangon waje da na banɗaki ya ware wa gado lungu, ya rubuta mita 2. Ranar da muka ja igiya na kira mai aikin gefe, na ce masa Alhaji, in aka cire rabin wannan bango da rabin wancan, lungun nan ba zai cika mita 1.8 ba, alhali katifa mai tsawon ƙafa 6 ma santimita 183 ce, balle mai 190. Na ba shi shawara a rage ɗaki ɗaya daga jerin a raba wa sauran filinsa. Ya yi shiru yana lissafin kuɗin hayar ɗakin da zai rasa, sannan ya ce min, a gaban leburorina, "Malam, kai magini ne, shi kuwa ya yi karatu. Gina abin da ka gani a takarda."

Na gina abin da na gani. Aiki ya tashi tsaf, ka ɗora ma'aunin ruwa a duk bangon da ka ga dama. Aka yi filasta, aka yi fenti, aka sa tayil. Ɗan haya na farko ya shigo da katifarsa, ta ƙi kwanciya, ta tanƙware a tsakiya. Ƙofar banɗaki kuma ciki take buɗewa, rabi take zuwa ta bugi masai. Sai ga mutumin nan ya zo yana kumfar baki, wai ni na cinye masa fili da kwaɓin siminti. Na ce a kawo takarda. Ashe yaron ya koma kwamfutarsa ya gyara zanen, ya ba bango kaurinsa, ya canza lambobi, ya bugo sabuwa fes, ya dube ni ido cikin ido ya ce ita ya ba ni tun farko. Tawa ta sha rana da siminti, ta yage a ninki, ba sa hannu ba kwanan wata. Wa za a gaskata? Alhajin ya riƙe cikon kuɗina gaba ɗaya. Kafin alƙalamin da ya bayar tuni ya shige cikin kaya, leburori daga aljihuna na sallame su, mai bulo ya yi ta min sintiri. Abin da ya fi ƙona min rai, yaron da na koya wa riƙon cokalin gini, shi ya ɗauka a bayan idona ya rushe bangon banɗakunan ya sake ɗagawa. Bango mai kyau, wallahi, sai da suka sha wuya kafin ya faɗi. Har gobe in mun haɗu da mutumin nan sai ya fara duban wayarsa.

Saboda haka kowane awo ka rubuta shi daga fuskar filasta zuwa fuskar filasta, kuma duk takardar da ta fita daga hannunka ko ta shigo, a sa mata hannu da kwanan wata.

Na san za ka kawo min zancen shahararren mai zanen ginin nan Le Corbusier da 'yar bukkarsa ta katako a bakin teku a kudancin Faransa, ta 1952, mita 3.66 kowane gefe, tsayinta 2.26. Duk ɗalibin da ya zo nan sai ya nuna min hotonta, kamar don hannuna da siminti ban san ta ba. Abin da ba sa faɗa shi ne babu kicin a ciki. Gidan abinci ne manne da ita, can yake ci, kuma hutu yake zuwa yi. Naka mutumin a ciki zai dafa, ya yi wanki, ya yi jinya in ta kama. In koyi kake so, duba Margarete Schütte-Lihotzky, matar da ta tsara kicin ɗin gidajen birnin Farankfot na Jamus a 1926. Faɗinsa mita 1.9, tsawonsa 3.4, aka sa shi a gidaje kusan 10,000. Sai da ta bi motsin mai girki, taku nawa daga murhu zuwa wurin wanke-wanke, sannan ta zana. Ta sa ƙofa mai turawa gefe, ta sa allon guga mai naɗewa jikin bango. Wannan ta san aiki. Kuma don ka san matsin da aka sa ka, ma'aunin da gwamnatin Ingila ta fitar a 2015 ya ce gidan mutum ɗaya kada ya gaza murabba'in mita 37. Rabin wannan ma ba a ba ka ba.

Ƙofa mai faɗin santimita 80 in ta buɗe tana share rabin murabba'in mita. Uku ka sa, ɗaya da rabi ya tafi a iska. Ta banɗaki ta zama mai turawa, ko ta buɗe waje. Gefen gado ka bar aƙalla santimita 60 na wucewa, teburin kicin ma zurfinsa 60 ne, kada ka zana min 40 don ya shiga takarda. Kicin da banɗaki su haɗa baya a bango ɗaya, bututun ruwa duk su bi nan, ka kuma bar ƙaramar ƙofar da mai gyaran famfo zai sa hannu ba sai ya fasa tayil ba. Ginin Nakagin na Tokiyo, wanda Kisho Kurokawa ya zana, an gama shi a 1972 da ƙananan ɗakuna 140 masu kama da akwati, kowanne kusan murabba'in mita 10. An tsara shi don a riƙa cire tsohon ɗaki a sa sabo, ba a taɓa canza ko ɗaya ba. Bututu suka lalace inda hannu ba ya kaiwa, yoyo ya yi yawa, a 2022 aka rushe shi.

Gado mai naɗewa cikin bango da tebur mai zama kujera, waɗannan kayan burge malami ne. Ba a daɗewa mai ɗaki zai gaji da ɗagawa ya bar shi a shimfiɗe, don haka ka zana ɗakin yadda za a iya wucewa da gadon a ƙasa. Iska kuma ta sami mashiga da mafita a bango biyu daban, in ba haka ba tururin wanka da hayaƙin girki a katifa za su kwana. Maganar fidda kusurwa da inda linta ke zama ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya koma ɗaukar bulo.

Gobe kafin a fara kwaɓi ka zo da alli, ka zana ɗakin nan a kan daɓe da girmansa na gaske, bango da kaurinsa. Ka shiga, ka kwanta a wurin gadon, ka tashi ka zaga da bokiti a hannu, ina tsaye ina kallo. Ka taho da tef ɗinka, nawa ba na ba da aro.