Tabo mai toka-toka a ganyen mangwaro

Malam kana tambaya ko wannan tabon mai toka-toka da ɗan kore da ya manne a saman ganyen mangwaronka na lambun Dadin Kowa cuta ce da sai an yi feshi. Yadda ka kwatanta shi, ba cuta ba ce, laiken ne, wato halittu biyu ne suke zaman tare, naman gwari da gansakuka, gansakukar tana haɗa abinci da hasken rana shi kuma yana rufe ta yana riƙe mata danshi. Irin da aka fi gani a mangwaro da gwaba ɗan gidan Strigula ne, kuma masana sun ƙirga sama da iri 800 na laiken masu zama a ganye, yawancinsu a dazuzzuka masu ruwan sama na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. Shi ya sa da wuya ka gan shi a cikin garin Gombe, hunturu busar da shi yake, sai gefen dam ɗin Dadin Kowa inda raɓa take daɗewa, ga ganyen mangwaro yana wuce shekara bai faɗi ba.

Amma fa ka duba kalar da kyau. In tabon ya koma ja-ja kamar tsatsa yana da ɗan gashi-gashi, to gansakukar ce ita kaɗai, sunanta Cephaleuros, ita kam tana cutar ganye har ta kama ƙananan rassa in bishiyar ta yi rauni. Ni a lambunmu rassan da suka cunkushe kawai muka rage, iska da rana suka shiga, sabon tofon da ya fito tas yake, don Allah kar ka kashe kuɗinka a magani tukuna.