Tambaya da Amsa: Wa Ke da Ikon Tsare Yaro a Asibiti Idan Hankalinsa Ya Taɓu?

Tambaya daga wata mai karatu a Tawa:

Assalamu alaikum. Ni gwaggo ce ga wani yaro ɗan shekara 15. Ya daɗe ba ya barci, yana magana shi kaɗai, kuma a makon jiya ya ɗauki wuƙa ya bi ƙanensa, sai da maƙwabta suka riƙe shi. Mahaifinsa, wato yayana, yana so a kai shi gidan wani malami a ƙauye inda ake sa wa irinsu mari a ƙafa. Mahaifiyarsa ta ce asibiti, wani kawunsa kuma ya ce a kira ƴan sanda su ajiye shi har ya huce. Shi yaron ya ce babu inda za shi. Shin doka ta ba iyaye ikon kwantar da shi a asibiti ba da son ransa ba, kuma har tsawon wane lokaci?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ku juriyar jinya. Shawarar mahaifiyarsa ita ce daidai, kuma kada a jinkirta ta, domin yaron da ya canza hali haka yana buƙatar likita ya bincika jikinsa tun kafin a yanke cewa taɓin hankali ne. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau, da farfaɗiya, da shan ƙwayoyi irin su tiramol, kowannensu yana iya sa yaro ya rikice ya daina gane nasa. Idan akwai zafin jiki ko sanƙarewar wuya, a kai shi babban asibitin jiha yau ɗin nan. Likitan da ya duba shi ne zai ce ko za a yi jinyarsa a Tawa, ko a tura shi sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Ƙasa da ke Yamai, wanda mutane suka fi sani da Pavillon E.

Game da ikon iyaye, yaron da bai kai shekara 18 ba yana ƙarƙashin kulawar iyayensa, kuma su ne suke amince wa magani a madadinsa. Saboda haka idan likita ya ga akwai haɗari ga ran yaron ko ran wani, ana iya kwantar da shi da yardar iyaye ko da shi ya ƙi. Sai dai yardar iyaye ita kaɗai ba ta isa hujja ba. Nijar ta rattaba hannu, ta kuma tabbatar da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara tun shekarar 1990, kuma sashe na 37 na wannan yarjejeniya ya ce ba a hana yaro walwalarsa sai in babu wata hanya, kuma na mafi ƙarancin lokacin da ya dace. Sashen ya ƙara da cewa a raba shi da manya, a bar shi yana ganawa da danginsa, a kuma ba shi damar kai ƙorafi gaban kotu ko wata hukuma mai zaman kanta. Sashe na 25 ya wajabta a riƙa sake duba lamarin yaron da hukuma ta ajiye domin jinya lokaci bayan lokaci, sashe na 12 kuwa ya ce a saurari ra'ayinsa gwargwadon shekarunsa da fahimtarsa. Ɗan shekara 15 ya isa a zaunar da shi a gaya masa inda za a kai shi da dalilin kai shi, ko da a wannan ranar bai yarda ba.

Akwai kuma Yarjejeniyar Haƙƙin Naƙasassu, wadda Nijar ta tabbatar a 2008, da ta ce kasancewar mutum da naƙasa ba ya zama dalilin tsare shi. Abin da ya sa ake maganar kwantar da ɗanku shi ne wuƙar da ya ɗauka da rikicewar da yake ciki yanzu. Ranar da haɗarin ya gushe, dalilin riƙe shi ya gushe, ko da zai ci gaba da shan magani a gida.

Tambayarki ta tsawon lokaci ita ce ta fi damuna, domin a nan ne yara suke cutuwa. Ƙasashen da suka zurfafa a wannan fanni sun sa wa'adi a rubuce. A Faransa, wadda muka gaji yawancin tsarin shari'armu daga gare ta, idan alƙalin yara ne ya ba da umarnin kwantar da yaro a irin wannan asibiti, sai ya fara samun ra'ayin likitan da ba ma'aikacin asibitin ba ne, kuma umarnin ba ya wuce kwana 15, bayan haka sai a sabunta shi wata-wata bisa ra'ayin likitan da ke jinyar. A jihohin Kalifoniya da Fulorida na Amurka, tsarewar gaggawa domin bincike ba ta wuce awa 72. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1979 cewa iyaye suna iya neman a kwantar da ɗansu, amma dole wani likita da ba ya ɗaukar ɓangare ya tabbatar da buƙatar haka, a kuma riƙa sake dubawa. A Ingila kuwa, yaro ɗan shekara 16 ko 17 da yake da hankalin yanke shawara, in ya ƙi, ba a kwantar da shi da yardar iyaye kawai. Waɗannan wa'adodi na ƙasashensu ne, ba su ɗaure likitan Tawa ba, amma dukansu suna nuna manufa ɗaya wadda yarjejeniyar haƙƙin yara da muka sa wa hannu ta ɗora mana, wato kada a rufe ƙofa a kan yaro ba tare da an sa ranar sake buɗe maganarsa ba. A ganina, yaron da iyayensa suka kawo ya fi kowa buƙatar wannan kariya, saboda a takarda ana ɗaukarsa kamar wanda ya zo da kansa, don haka babu wanda yake jin wajibi ne ya tambaya ko lokacin sallama ya yi.

Batun ƴan sanda gajere ne. Ana iya neman taimakonsu ko na jandarma idan an kasa riƙe shi, domin su raka shi asibiti lafiya, amma ɗakin tsare masu laifi ba wurin ajiye mara lafiya ba ne.

Shi kuwa mari, ina roƙonki ki yi wa yayanki magana cikin girmamawa, domin tsoro da ƙaunar ɗansa ne suka kai shi ga wannan tunani. Addu'a da ruƙiya ba su saɓa wa magani ba, kuma malami yana iya yi masa addu'a yana kan gadon asibiti. Amma ɗaure yaro da sarƙa a gidan wani na makonni ko watanni, ba likita, ba umarnin alƙali, yana iya shiga cikin laifin tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba a dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu, kuma yardar uba ba ta wanke wanda ya yi shi. Ga kuma gyambon ƙafa da rama da firgicin da yake bari, alhali ciwon da ke kansa ba a taɓa shi ba.

Idan an kwantar da shi, ki nemi iyayensa su tambayi likita abin da aka gano, da sunan maganin da ake ba shi, da ranar da za a sake duba ko za a sallame shi, su kuma rubuta amsar. Ku tambaya ko za a kwantar da shi nesa da manyan majinyata, a kuma bar mahaifiyarsa ko ke ku zauna jinya tare da shi. Idan iyayen suka kasa daidaitawa, ko aka kai shi inda kike tsoron zai cutu, ko aka riƙe shi ba bayani, dokar 2014 da ta tsara kotunan yara a Nijar ta ba alƙalin yara hurumin duba lamarin duk yaron da lafiyarsa ko tsaronsa ke cikin haɗari, ba sai ya aikata laifi ba. Kina iya kai rahoto ga mai gabatar da ƙara a babbar kotun Tawa, ko ga ma'aikatan kare yara na jiha, su kuma su isar da maganar gaban alƙalin.