Aminina na fama da cutar Parkinson, ta ina zan taimaka masa?

Tambaya: Likita, shekara uku ke nan da aka tabbatar aminina yana da cutar Parkinson. Yanzu tafiya ta yi masa nauyi, muryarsa ta yi ƙasa, in na je gaishe shi kuma fuskarsa a ɗaure kamar ba ya son ganina. Me zan yi masa ba tare da na takura shi ba?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da cire batun fuskar nan daga ranka. Cutar tana lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamine, wanda ke sauƙaƙa motsin jiki. In ya yi ƙaranci, har tsokar fuska da ta maƙogwaro sai su sandare. Yana iya murna da zuwanka, fuskar ce ta kasa nunawa. Ka zauna kuna fuskantar juna, a kashe talabijin, kar kuma ka riƙa ƙarasa masa magana.

Babban taimakon da za ka yi masa shi ne sanin lokutan maganinsa. Galibi levodopa ake bayarwa haɗe da carbidopa, kuma yayin da cutar ke tsufa, ƙarfin kowace ƙwaya na saurin ƙarewa, har jinkirin rabin awa kan iya sa jiki ya ƙage. Ku sa ƙararrawa a waya. Nama, ƙwai da madara na rage shigar maganin jiki, don haka yawanci ana shan sa minti 30 kafin abinci ko awa 1 bayansa. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe shi ma a raba su da awa 2. Kada a tsayar da levodopa farat ɗaya, yana da haɗari ƙwarai. Metoclopramide na amai da haloperidol na taɓin hankali suna tsananta cutar, a riƙa sanar da duk likitan da zai rubuta masa wani magani.

Akwai abin da amini kan riga iyali ganowa. Pramipexole da ropinirole, wasu magungunan cutar, kan jefa wasu cikin caca, kashe kuɗi ba lissafi ko yawan sha'awa. In ka ga haka, ba halinsa ne ya lalace ba. Ku yi maganar a sirrance, a kai wa likitansa.

Idan ƙafarsa ta kafe a bakin ƙofa, kar ka ja hannunsa, faɗuwa zai yi. Ka ƙirga masa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ko ka sa ƙafarka a gabansa ya tsallake. In zai tashi daga kwance, ya ɗan zauna tukuna, domin jininsa kan sauka ya ji jiri.

Kar tausayi ya sa ka karɓe masa komai. Ko maɓallin riga zai ɗauke shi minti biyar, bar shi ya sa da kansa. Ku riƙa fita tattaki a lokacin da magani ke aiki, motsa jiki na taimakawa sosai.

Amma ƙwarewa ko tari lokacin cin abinci, gane-gane, yawan faɗuwa, ko baƙin cikin da ya hana shi fita, waɗannan ba a jira ranar komawa asibiti. Musamman ƙwarewa wajen cin abinci, don abincin na iya zarcewa huhu ya haddasa ciwon namoniya.