Bam ɗin nukiliyar Sahara da lafiyarmu: Likita ya amsa tambayoyinku

Likita, an turo mana saƙo a WhatsApp cewa hazon hunturu yana ɗauko gubar bam ɗin da Faransa ta gwada a Sahara. Da gaske ne? (wani malamin makaranta daga Katsina)

Malam, gwajin kam an yi shi. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane a kudancin Aljeriya. Ƙarfinsa kiloton 70 ne (daidai da tan dubu 70 na nakiya), wato ya ninka bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima ta Japan fiye da sau huɗu. Guda huɗu aka tayar a sarari zuwa Afrilun 1961, sannan aka koma In Ekker, ita ma a kudancin Aljeriya, aka yi 13 a ramuka cikin dutse har zuwa 1966. Iyayenmu ba su yi shiru ba: a Janairun 1961 Najeriya ta kori jakadan Faransa a kan wannan magana. Kuma da gaskiyarsu, domin taswirar sojan Faransa da ta fito fili daga baya ta nuna burbushin bam na farko ya kai Chadi da Afirka ta Yamma cikin 'yan kwanaki.

Amma na yau fa? Gubar nukiliya tana raguwa da kanta. Akwai irin aidin mai guba da ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk kwana takwas, wannan ya ƙare tuntuni. Akwai kuma wani sinadari mai guba, siziyom, mai ɗaukar shekara 30 kafin ya ragu da rabi. An auna shi a ƙurar Sahara da ta isa Faransa a 2021, an same shi, amma ɗan mitsitsi ne da bai kai ya cutar da mutum ba. Ga shi kuma yawancin hazonmu daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa.

Abin da ke cika mana asibiti da hunturu ƙurar ce ita kanta. Mai asma kada ya fita ba maganinsa na shaƙa a aljihu. A sa takunkumi, a yayyafa ruwa kafin shara. Yaron da ya tashi da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya kuwa, a ɗauko shi a ranar, sanƙarau ba ya jira.

'Yata mai shekara 16 tana da maƙoƙo. Wata ta ce mini daga gubar bam ne. (wata uwa daga Maraɗi)

Hajiya, Allah Ya ba ta lafiya. Inda maganar ta samo asali shi ne aidin ɗin da na ambata: yakan sauka kan ciyawa, dabbobi su ci, yara su sha nono, ya taru a gaban wuya. Haka ya faru ga yaran da ke kewayen tashar nukiliyar Chernobyl ta Yukren bayan hatsarin 1986, kansar wuya ta yawaita a cikinsu. 'Yarki kuwa an haife ta shekaru da yawa bayan wannan guba ta ɓace. Maƙoƙo a ƙasashenmu galibi rashin aidin ne a abinci. Ki sayi gishiri mai aidin, ki riƙa rufe shi. Ki kai ta a gwada jininta, a ɗauki hoton wuyan. In kumburin ya yi tauri, ko yana girma da sauri, ko muryarta ta dushe, kada ki kwana biyu. Kada kuma ki bari a yi mata tsaga a wurin.

Ƙanena yana neman zinariya wajen Tamanrasset, wani lokaci yana haɗawa da sayen tsoffin ƙarafa. Akwai haɗari? (wani ɗan kasuwa daga Agadas)

Alhaji, wannan ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali. In Ekker tana arewa da Tamanrasset da kimanin kilomita 150. Ranar 1 ga Mayu, 1962 gwajin da ake kira Béryl ya fasa toshiyar ramin, hayaƙi da narkakken dutse suka fito, har ministocin Faransa biyu da suka zo kallo sai da abin ya shafe su. Wannan baƙin dutsen da ya daskare yana nan da gubarsa. Da za su tafi, sojojin Faransa sun binne motoci da kayan aiki a yashi. Mutanen yankin, da ba wanda ya gargaɗe su, sun kwashi kwano da waya suka kai gidajensu. Aljeriya ta daɗe tana neman cikakkiyar taswirar inda aka binne kayan. Dokar diyya da Faransa ta yi a 2010 kuma 'yan Aljeriya ƙalilan ne ƙwarai suka amfana da ita, abin da a ganina zalunci ne ƙarara.

Gubar ba ta da wari, ba ta da launi, na'ura kawai ke gane ta. Ka ce masa ya nisanci duk inda aka kewaye da waya, kada ya ɗauki ƙarfe ko baƙin dutse daga can, kada ya yanka ko ya narka ƙarfen da bai san asalinsa ba. In ya taɓa zama a wurin, ya faɗa wa likita ƙarara a duba jininsa, musamman in yana fama da kasala, yawan haɓo ko zubar jini a dasashi.

Wanda gubar ta taɓa, 'ya'yansa za su gada? (wata ɗaliba daga Kano)

'Yata, an shafe shekaru ana bibiyar dubban 'ya'yan waɗanda suka tsira a Hiroshima da Nagasaki, ba a ga ƙaruwar nakasa ko kansa a fili ba ga waɗanda aka ɗauki cikinsu bayan harin. Jariran da bam ɗin ya samu suna ciki su ne suka cutu, musamman a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake tambayar mace ko tana da juna biyu kafin a ɗauke ta hoton eksire. In an manta ba a tambaya ba, ita ta faɗa.