Haɗa kwamfuta biyu da waya don kwashe fayil: wace waya zan saya?

Saƙon farko na wannan makon daga wani mai ɗaukar bidiyon biki ne a Zariya. Ya ce: "Salamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar destof cike da bidiyon mutane kusan gig 200, na sayi laftof, filash ɗina kuma gig 16 ce, wallahi na gaji da ɗiba ina juyewa. Wani a shago yace sai na sayi wata waya ta musamman wai kirosoba. Dan Allah hakane?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mai shagon nan ba ƙarya ya yi maka ba, sai dai karatun nasa ya tsufa. Da can in za ka haɗa kwamfuta biyu kai tsaye ba rawuta, wato na'urar raba intanet, a tsakani dole sai wayar da aka juya wayoyin cikinta, ita ce kirosoba ɗin. Amma kusan duk kwamfutar da ramin netiwok ɗinta mai gudun gigabit ne, wato megabit 1000, tana gane wace irin waya aka soka mata ta juya da kanta, kuma ko ɗaya daga cikin biyun ce ke da wannan ya wadatar. Toh kaga wayar netiwok ta gama-gari, irin wadda ake jona rawuta da ita, ta ishe ka. Ka ce a ba ka Cat5e ko Cat6, mita biyu ma ya yi, kar a ruɗe ka da Cat8 a caje ka kuɗin banza, Cat5e ɗin nan tana kai gigabit har tsawon mita 100.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne nan: ɗaga kan wayar ka ƙirga siraran wayoyin da ke cikin robar, su zama 8. Akwai masu araha da 4 kawai a ciki, kuma da 4 ba za ka wuce megabit 100 ba. Bambancin ba wasa ba ne fa, a gigabit kana samun wajen megabait 110 a daƙiƙa, wato gig 200 ɗinka kamar rabin awa zuwa awa ɗaya in had-dis ɗin tsohuwar bai yi nauyi ba, amma a megabit 100 kuwa kusan awa 5 za ka yi kana kallon allo kana addu'ar kar NEPA su ɗauke. In laftof ɗin irin siraran nan ne marasa ramin netiwok, nan ne kuɗinka zai tafi, ka sayi adafta ta USB 3.0 mai ramin netiwok da aka rubuta 10/100/1000 a kwalinta. In 10/100 kawai ka gani ajiye musu abinsu, ko a kasuwar Beirut Road ne ko Farm Centre a Kano ka sa a gwada a gabanka.

Sai kuma saiti, wanda gaskiya shi ya fi ba mutane ciwon kai ba wayar ba. Da ka jona, Windows zai ɗan yi jim sannan ya ba kowacce adireshi mai farawa da 169.254, yana aiki a haka, amma ni na fi so in sa da hannu: tsohuwar destof 192.168.50.1, laftof 192.168.50.2, subnet ɗin 255.255.255.0 duka biyun. Ka shiga Advanced sharing settings ka kunna Network discovery da File and printer sharing, kuma ka lura Windows yakan ɗauki irin wannan haɗin a matsayin Public, shi ya sa mutum zai kunna a ɓangaren Private ya yi ta mamakin me ya sa ba su ga juna ba. Sai ka danna dama a kan foldar bidiyon ka yi Share, ka koma laftof ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta \\192.168.50.1. Zai tambayi suna da fasiwod, na tsohuwar kwamfutar yake nufi ba na sabuwar ba, nan mutane da yawa ke maƙalewa. In ka gama ka kashe abin da ka kunna a Public kafin ka je jona wifin otal.

Kuma ka yi Copy, kar ka yi Cut. Bidiyon bikin mutane ne, amarya ba za ta ji uzurin ɗaukewar wuta ba.

Wata ɗaliba daga Maraɗi kuma ta tambaya ko za ta iya amfani da wayar USB mai kai iri ɗaya gaba da baya, ta gani a kasuwa da araha.

A'a ƙanwata, bar ta. Irin mai faffaɗan kai biyun nan in ba ta da ɗan kumburi a tsakiya mai na'ura a ciki to ba abin da za ta tura, kuma tunda kowane rami yana fitar da wuta bolt 5 tana iya ƙona miki ramin. Ta USB-C ma wayar caji ba ta yi, sai in duka kwamfutocin suna da Thunderbolt ko USB4 kuma wayar ma irin tasu ce. In fayil ɗin naki takardun makaranta ne da hotuna ƴan kaɗan, filash ɗin da ke jakarki ta fi sauƙi, kar ki sayi komai.

Na ƙarshe wani dattijo ne mai shagon buga takardu, yana da kwamfuta mai Windows XP, ya jona ta da mai Windows 10 amma sun ƙi ganin juna.

Baba, ba laifin wayar ba ne. XP tsohon yaren raba fayil kawai ta iya, SMB1, a Windows 10 kuma tun 2017 aka daina barin SMB1 ɗin a kunne, shekarar da cutar WannaCry ta bi ta wannan ƙofar ta kulle kwamfutoci a duniya. Ana iya kunna shi a Windows Features, a cire intanet, a kwashe, a kashe shi nan take. Amma da ni ne Baba, in sa yaro ya ciro had-dis ɗin tsohuwar a sa a akwatin USB a kwashe kai tsaye, sai dai a duba tukuna ko mai faffaɗan haƙora ne wato IDE ko kuwa SATA, don akwatin nasu ba ɗaya ba ne.