Kafin Ka Tura wa Alhaji Takardar da ChatGPT Ya Tsara

Ɗana, na karanta takardar da ka bar mini a kan tebur jiya da la'asar, na kuma ga tambayar da ka rubuta a ƙasanta. Ka ce ka ba ChatGPT bayanin tafiyar iyalin Alhaji, su bakwai har da mahaifiyarsa Hajiya Babba, Umra a dogon hutun makaranta sannan kwana huɗu a Alƙahira, kafin ka ƙifta ido ya fito maka da tsari har da otal da farashi. Kana tambaya ko ka tura wa Alhaji haka nan. Kana kuma tambaya, in dai na'ura ta iya wannan, me ya rage mana a sana'armu ta ejan tafiye-tafiye.

Kada ka tura tukuna. Amma kada ka yaga ta, domin akwai abin kirki a ciki.

Ya sa su fara sauka Madina kafin Makka, kuma da tsohuwa da ƙananan yara haka ni ma zan yi. Su huta, su yi ziyara, su ɗauki harama a Zul Hulaifa cikin natsuwa, ba sai an yi ta fama da harami a cikin jirgi ba. A Alƙahira ya sa dalar Giza da sassafe kafin rana ta yi zafi, ya haɗa masallacin Azhar da kasuwar Khan Khalili a yini ɗaya tunda suna daf da juna. Wannan tunani ne mai kyau, kuma na yi murna da ka iya tambayarsa har ya ba ka haka. Tun da wannan manhaja ta fito a ƙarshen 2022 nake ganin yara irinka suna amfani da ita, ban taɓa hana kowa ba. Ni kaina da ita nake rubuta wa masu otal wasiƙa da Larabci, da ita nake warware dogon Turancin sharuɗɗan tikiti idan ya cukurkuɗe mini.

To, yanzu ɗauko takardar mu bi ta layi-layi.

Fara da farashin da ya rubuta. Daga ina ya samo shi? Ƙirƙirarriyar basira tana magana ne daga abin da ta karanta a baya, ko abin da ta leƙo a intanet a lokacin da ka tambaye ta. Ba ta kama kujera ko ɗaya ba. Ka san kujerun jirgi ɗaya aji-aji suke a sistem, kowane aji da harafinsa da kuɗinsa. Idan kujera huɗu suka rage a aji mai araha, kai kuma mutum bakwai kake nema a buki ɗaya, sistem zai ɗaga su gaba ɗaya zuwa ajin da ke sama. Farashin da aka gani na mutum ɗaya, in ka ninka shi bakwai, ba shi ne kuɗin tafiyar ba. Ga kuma maganar canji. Ka tuna a watan Yunin 2023 da aka saki naira, dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, kafin tsakiyar 2024 ta haura 1,500. Duk farashin da aka rubuta da naira a tsakanin nan ya zama tarihi, amma yana nan a intanet, na'ura kuma tana karanta shi. Idan ka faɗa wa Alhaji kuɗi yau, gobe ka dawo masa da wani, ba zai ce na'ura ta yi kuskure ba. Zai ce a ofishinmu ba a magana ɗaya.

Sai jirgin kansa. Ya rubuta maka tashi daga filin Malam Aminu Kano ranar Talata. Ka buɗe Amadeus, sistem ɗin da muke yankan tikiti, ka ga jirgin da idonka a wannan ranar? Kamfanonin jirgi suna sauya jadawali sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, ban da sauyin da ke faɗowa ba zato. Emirates ya daina zuwa Najeriya a ƙarshen 2022, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoban 2024, alhali intanet cike yake da shafukan da ke lissafa shi a cikin jiragen da ke zuwa. Abin da sistem bai nuna ba, babu shi, komai kyan tsarin da aka rubuto shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a takardarka shi ne hanyar dawowa. Don ya rage kuɗi, ya raba ta gida biyu: wani kamfani daga Alƙahira zuwa wani gari, wani daban daga can zuwa gida, da yada zango na awa ɗaya da rabi a kan tikiti biyu mabambanta. Bari in ba ka labarin da ya sa ba na wasa da wannan. Shekarun baya wata baiwar Allah 'yar kasuwa ta sayi irin wannan haɗin da kanta a wani shafin intanet, saboda ya fi namu sauƙi da 'yan dubbai. Jirgin farko ya makara da awa biyu. Ta sauka, na biyu ya tashi. Da tikiti ɗaya ne, wajibi ne kamfanin ya sa ta a jirgi na gaba, kayanta kuma su wuce kai tsaye. Da yake biyu ne, kamfani na biyu ya rubuta cewa ba ta zo ba, kuɗinta ya tafi. Ƙarfe biyun dare ta kira ni tana kuka, ga akwatuna huɗu, ga ba ta da bizar fita daga filin jirgin. Sai da muka yanka mata sabon tikiti da kuɗin da ya ninka abin da ta yi tsimi. Araha ba ta ado. Yanzu ka ɗora Hajiya Babba da jikoki huɗu a wannan hali, ka gaya mini ko za ka iya barci.

Duba lokacin tashi kuma. Jirgin da aka rubuta 00:40 ranar Alhamis, daren Laraba ake zuwa filin jirgi. Mutane da yawa sun rasa jirgi a kan wannan, masu ilimi ma. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, kuma duk lokacin da ke kan tikiti na garin da ake ciki ne. Wannan da baki ake faɗa wa kwastoma, a maimaita, a rubuta masa da Hausa a bayan takarda.

Autan Alhaji fa? Ka rubuta wa ChatGPT cewa jariri ne, shi kuma ya lissafa masa kuɗin jariri, wajen kashi goma cikin ɗari, ba kujera. Na duba kwafin fasfonsa: zai cika shekara biyu suna Makka. Ke nan a dawowa ya zama yaro mai kujerarsa da kuɗinsa. Na'ura ba ta tambaye ka ranar haihuwarsa ba, kai ma ba ka faɗa mata ba. Aikin ejan rabinsa tambayar da kwastoma bai san ya kamata a yi masa ba ce.

Haka suna. Muhammad, Mohammed, Muhammadu, duk mutum ɗaya ne a gida, amma a kanta wajen awon kaya abin da ke cikin fasfo kaɗai ake dubawa, harafi da harafi. Daga fasfo za ka kwafa da hannunka. Kuma ina ja maka kunne: kada ka taɓa ɗora hoton fasfon kwastoma ko lambar katin bankinsa a cikin irin waɗannan manhajoji. Amana aka ba mu. Ka ce mata "mutum bakwai, ɗaya tsohuwa, ɗaya ɗan wata ashirin da uku", ya ishe ta yin aiki.

Otal ɗin Makka da ya zaɓa, ya ce mita 700 ne zuwa Harami. Wataƙila gaskiya ne a taswira. Amma Makka gari ne na duwatsu. Mita 700 a shimfiɗe ta titin Ibrahim Khalil daban, mita 700 na hawa ta can cikin Ajyad daban, balle a watan Agusta da zafi ke wuce digiri 40, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, sallah biyar a rana. Wasu otal ɗin Aziziyya ma suna rubuta "kusa da Harami", alhali sai da mota. Ni na taka waɗannan titunan da ƙafata, na san inda numfashi ke ɗaukewa. Kai ba ka je ba tukuna, don haka ka kira abokin hulɗarmu na can ya tsaya a ƙofar otal ɗin ya ɗauko maka bidiyon hanyar har zuwa harabar masallaci. Gani ya kori ji. Jirgin ƙasa na Haramain da ya ba da shawara tsakanin Madina da Makka yana da kyau, tun 2018 yake aiki, yana cinye kilomita wajen 450 cikin awa biyu da 'yan mintuna, amma yana da ƙa'idar kaya, iyalin Alhaji kuwa ka san ba sa tafiya da jaka ɗaya. A duba wannan kafin a saya.

Maganar biza ba ta buƙatar dogon bayani. Abin da ma'aikacin kanta zai duba kafin ya ba su katin shiga jirgi shi ne Timatic, kundin dokokin shiga ƙasashe na IATA, ƙungiyar kamfanonin jirgin sama ta duniya, can za ka duba, sannan ofishin jakadancin Masar. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, katin rigakafin shawara yana hannu, izinin shiga Rauda kuma ta manhajar Nusuk ake nema. Dokokin nan suna sauyawa a mako guda, ChatGPT ko Gemini kuma za su ba ka tsohuwar doka da irin muryar tabbacin da za su ba ka sabuwa.

Yanzu tambayarka ta biyu. A watan Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta umarci Air Canada ya biya wani fasinja, saboda manhajar hira da ke shafin kamfanin ta ba shi bayanin da ba daidai ba a kan rangwamen mai zuwa jana'iza. Kamfanin ya so ya ce manhajar ce ta faɗa, ba shi ba. Kotu ta ce duk abin da ya fito daga shafinka, kai ka faɗa. Mu ma haka ne, ba sai an je kotu ba. Duk takardar da ta fita daga wannan ofis da sunanmu, mu muka faɗa. Alhaji yana da waya, yaransa sun fi mu iya latsa ta. Da tsari kawai yake so, da bai hawo benen nan ba. Ya zo ne domin yana son mutumin da zai kira in jirgi ya bar mahaifiyarsa, wanda ya san gidansa, wanda za su haɗu a sahu ranar Juma'a. Mai sayen tikitin Abuja shi kaɗai da jaka a kafaɗa, wannan kam ya riga ya koma wayarsa, kuma ba na ganin laifinsa. Amma mai ɗauke da tsohuwa da jariri zuwa ƙasa biyu yana nan yana zuwa, kuma zai ci gaba da zuwa wurin ejan da ya ƙware. Shi ya sa nake so ka iya na'urar, ka kuma iya abin da ke bayanta.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri. Ka riƙe jerin kwanakin da ChatGPT ya tsara, ka goge farashin da sunayen jirage gaba ɗaya. Za mu zauna a gaban sistem mu nemo hanyar da duk zangonta ke kan tikiti ɗaya, mu kama kujerun, ka rubuta harufa shida na bukin da ranar da wa'adin biya zai ƙare. Ni zan kira Alhaji in tambaye shi ko Hajiya Babba tana iya hawa matakalar jirgi da kanta, domin keken da za mu nema mata ya danganta da amsar. Kai kuma ka taho da fasfo bakwai ɗin, na ainihi, ba kwafi ba.