Amsoshin tambayoyinku: za mu kai yara ganin dodon katako, me za mu saya, me za mu bari?

Assalamu alaikum jama'a, satin nan saƙo uku suka shigo daga 'yan uwa mazauna waje duk a kan abu ɗaya, ƙattin dodannin katakon nan da ake kafawa cikin daji yara na ta rububin zuwa gani, toh bari in haɗa su waje ɗaya.

Tambaya: Anti barka da aiki. Watanmu huɗu da biyo maigida Danmak, muna zaune a Albertslund. Yarana uku, babbar shekara 8, mai bi mata 5, sai na goye wata 10. A makaranta aka faɗa wa babbar wai akwai dodanni shida na katako a dazukan kusa da mu, tun ranar ta hana ni sakat. Na ga akwai masu ɗaukar mutane a mota su zagaya da su duka a biya su, sannan keken jaririna ƙananan taya gare shi, maƙwabciyata tace sai na sayi mai manyan taya. In biya kuɗin yawon? In sayi keken? Kuma gaskiya Anti raina bai kwanta ba, abun nan ba gunki bane? Daga Maman uku.

Amsa: Sannu 'yar uwa, sannu da hidimar yara a ƙasar sanyi. Bari in fara da inda zuciyarki ta tsaya tunda in wannan bai warware ba sauran maganar ba ta da amfani. Dodannin nan aikin wani ɗan ƙasar ne mai suna Thomas Dambo, haifaffen garin Odense a 1979, sana'arsa kenan tattara katakon da aka yar, irin falankin da ake ɗora kaya a kai a sito da tsofaffin shinge da rassan da iska ta karya, shi da masu taya shi su haɗa su da kusoshi su fitar da ƙaton mutum. Da yarensu trold suke ce masa, wani ƙato ne na tatsuniyoyinsu mai zama a daji ko cikin duwatsu, kusan dai dodon tatsuniyarmu da ake tsorata yaro da shi in ya ƙi barci. Ba mai bauta masa, ba a masa yanka, ba a roƙonsa komai, shi mai yin ma abinda yake ta nanatawa shine mutane su daina raina abinda suka zubar a shara kuma su fito daga ɗaki su shiga daji. Amma maganar mutum-mutumi mai siffar abu mai rai magana ce ta malamai, fatawa ba a bakina take ba, ki gaya wa malamin da kika amince da shi abun yadda yake ɗin nan ki ji ta bakinsa, ku kuma shawarta da maigida. In an ce a bari toh dajin da tafkin suna nan, ku fita yawonku haka nan, yaran na buƙatar iskar ko ba dodo.

Maganar biyan kuɗin yawo kam a'a, kar ki biya. Tun 2016 aka kafa shidan nan a ƙananan hukumomi shida na yammacin Kofanhegan, kowanne an sa masa sunan ɗaya daga cikin mutanen da suka taya aikin kyauta, kuma duk a fili suke ba ƙofa ba tikiti ba mai gadi. Masu motar nan baƙi 'yan yawon buɗe ido suke wa aiki, waɗanda kwana biyu gare su a ƙasar suna so su ɗau hoto shida su wuce, ke kuwa nan kike zaune, saurin me kike? Yaro ɗan shekara 5 in kika loda shi a mota ana sauke shi minti goma ana cewa hau mu tafi, kafin na uku ya fara kuka, na shida ko kallonsa bazai yi ba. Daɗin abun a neman yake, da gangan aka ɓoye su nesa da titi, sai an taka an duba taswira an yi gardama a kan hanya sannan kwatsam a gan shi ta tsakanin itatuwa.

Kinga ke Allah ya kashe ya ba ki, ɗaya a garinku yake, Thomas på Bjerget, yana zaune kan tudu ya miƙe dogayen ƙafafu, yara kan zauna a kansu. Ba nisa da shi a Vallensbæk Mose, wani wajen daji da tafki, akwai Lille Tilde, ana haɗa su biyun a fita ɗaya da ƙafa, da su zaki fara ki tsaya nan a ranar. Ni Tilde ce ta fi shiga raina. Ranar da na fara kai nawa an kwana ana ruwa, hanya duk caɓi, ƙaramin na gaba yana ta surutu sai ji nayi yayi tsit ya dawo da baya ya damƙe gefen hijabina, ashe ya hango ta tsaye cikin itatuwa kamar mai leƙe. Mun fi minti biyar a tsaye kafin ya yarda ya matsa, da ya ɗora hannu a ƙafarta ya ji katako ne mai sanyi da danshi sai ya fara ƙirga kawunan kusoshi, yayarsa kuma ta gano wani tambari da aka buga jikin falanki ɗaya tun yana sito, tace Mama ashe da kwalin kaya aka yi ta. A cikin jikinta akwai gidajen tsuntsu guda 28, ki faɗa wa babbarki tun a gida ta je tana nema. Sauran ki raba su sati sati: Teddy Venlig a Høje Taastrup da ya miƙa hannu kan rafi kamar gada, Sovende Louis a Rødovre yana kwance yana barci baki buɗe har yara na rarrafawa ciki, Oscar under Broen a ƙarƙashin gada a Ishøj kusa da bakin teku, sai Bakketop Trine a Hvidovre da ake hawa tafin hannunta a hango fili. Jirgin ƙasan cikin gari da suke kira S-tog, babba ɗaya mai tikiti na shiga da yara biyu 'yan ƙasa da shekara 12 kyauta, keke ma kyauta ake shiga da shi.

Keken jariri mai manyan taya kuma dan Allah ki bar kuɗinki. In dai saboda wannan yawon ne kaɗai, kina da abinda ya fi shi a cikin akwatinki, zani da majanyi. Ƙarshen hanyar zuwa wajen dodannin sau da yawa 'yar siririya ce mai saiwoyi da hawa da laka, mai manyan tayan ma sai an ɗaga shi, goyo kuwa hannunki biyu a sake, ɗan yana jin ɗumin bayanki, ki sa masa hula da safa ki yafa babbar riga ta sama amma fuskarsa a buɗe. Inda zaki kashe kuɗi shine ƙafa: takalmin roba mai dogon wuya ga kowane yaro, ki ƙara lamba ɗaya saboda safa mai kauri, sai rigar ruwa da wandonta. Kar ki je babban kanti, ki nemi shagunan gwanjo da aka rubuta genbrug, irin na Red Cross, kayan yara a can kusan sabbi ne don yaro na girma kafin kaya su tsufa. Ke ma ki nemi takalmi rufaffe mai kama ƙasa, kuma ranar ki bar doguwar abaya mai jan ƙasa a gida, wando da riga mai tsayi zuwa ƙasan gwiwa da hijabi sun wadatar. Filas na shayi, ruwa, ɗan abun taɓawa, leda ta kwashe shararku.

Abu ɗaya da nake so ki ɗauka da muhimmanci, kaska. Dazukan Danmak akwai ta daga bazara har kaka, ƙarama ce sosai ba irin ta shanu da muka sani ba, kuma tana iya sa cutar da ake kira Lyme. A kemis, wato apotek, ana sayar da ɗan abun cire ta da araha, ki saya ki ajiye a jaka. In kun dawo ki duba bayan gwiwa, hammata, bayan kunne da gindin gashi, in kin gani ki cire ranar, in daga baya kika ga jan zobe yana faɗaɗa a wajen ki kai yaron likita. Sannan in lokacin sanyi ne ku fita da hantsi, a Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a matse suke.

Tambaya: Hajiya ina gaisuwa. Ina Louisville jihar Kentaki a Amurka. Yarana sun ga hoton wani dodon katako a Kolarado sun dage sai mun je a hutun makaranta, mu biyar ne, tikitin jirgi da otal ba ƙaramin kuɗi bane. Ya cancanta?

Amsa: Malam ina amsawa. Wanda suka gani Isak Heartstone ne a garin Breckenridge, tsayinsa ƙafa 15, aikin Dambo ɗin dai. An yi shi a 2018, cikin 'yan watanni aka kwance shi saboda maƙwabta sun koka da cunkoson mutane da motoci, sai a 2019 aka sake gina shi a wani waje. Kyakkyawa ne, amma guda ɗaya ne, tafiyar zuwa wajensa gajera ce, rabin awa kun gama, ga garin a saman duwatsu kusan mita 2,900, wasu yara da manya ma na samun ciwon kai da haki a ranar farko. In dama kuna da niyyar ganin duwatsun Kolarado toh ku biya ta wajensa, in kuwa shi kaɗai ne dalili ban ga cancantarsa ba, musamman da yake kana da uku a bayan gidanka. Dajin Bernheim da ke Clermont kudu da Louisville, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba, tun 2019 akwai Mama Loumari kwance da cikinta ta jingina, da 'ya'yanta Little Nis mai kallon fuskarsa a ruwa da Little Elina, zagayen ganinsu kamar mil biyu ne. Gudummawa suke nema a kan kowace mota. Katin shekara kar ka yanka a zuwan farko, ka bari ka ga ko yaran za su nemi a koma. Kuma kafin ka tada mota ka duba shafin dajin ko taswirar Dambo a intanet, katako ne yana ruɓewa ana gyarawa, wani ma ana cirewa, wanda Dambo yayi a tsibirin Culebra na Puerto Rico guguwar Maria ta 2017 ta tafi da shi sai daga baya aka sake yi. In ka ga allo an ce kar a hau, ka hana su, jiƙaƙƙen katako na da santsi ga sartse.

Tambaya: Anti muna Antwerp a Beljiyam, ɗana shekara 3 ne kuma matsoraci ne sosai. In kai shi ko in jira? Wani lokaci ya fi?

Amsa: Ƙanwata na kusa da ku suna wajen shaƙatawa na De Schorre a garin Boom, guda bakwai ne tun 2019, shiga kyauta. Ki kauce wa watan Yuli da kwanakin kusa da shi, a filin ake babban bikin kiɗan Tomorrowland, ana rufe sassa da yawa tun ana kafe-kafe. Shi kuma yaron ki kai shi, amma ki nuna masa hoton a waya kwana biyu kafin nan, kuma kar ki ce masa dodo in dai da sunan kike tsorata shi a gida, ki ce za mu je gaida ƙaton katako. In kun isa ki ɗauke shi a kafaɗa ku tsaya daga nesa, ke ki fara taɓawa yana kallo. In ya ƙi kar ki tilasta shi saboda hoto, ku zauna a benci ku sha shayinku yana hango shi, bayan wata biyu ku sake komawa.